Rabon Kura

Yahanasu tana cikin share bayan bukkar surukarta ta tsaya cak, tsintsiya a hannu. Raɓa ta kwanta a kan yashi, sawun kuwa ya fito raɗau kamar wanda aka zana da gangan: na gaba manya, na baya ƙanana, farata sun nutse a ƙasa. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan guda. Ba sai an gaya mata ba. A Tamawa ta tashi, gidan masu awaki da tumaki, tun kafin ta iya ɗaura zane ta san sawun kura.

Ta bi shi da ido. Daga duhuwar bakin gulbi ya fito, ya nufi gindin giyayya inda ake zuba kayan cikin kifi, ya yi ta kewaye a can. Wannan ba sabon abu ba ne, kowace safiya haka take gani. Sabon abin shi ne yau sawun bai koma ta inda ya fito ba. Ya ratsa tsakiyar zango, ya wuce gadon banda, ya wuce tukwane, ya zo ya tsaya daidai inda take durƙushe. A gindin zanan bukkar ciyawa ta lotsa ciki, kamar an tura ta da hanci. Wani yawu mai yauƙi ya bushe a jiki, da 'yan gasu masu kauri. Ta san abin da ke bayan wannan zana. Nan surukar tata, Inna, take shimfiɗa tabarma, nan kan Bilya, ɗan Yahanasu, yake kwana.

Can gaba kaɗan ta hangi wani tsumma a cikin ciyawa. Tsohon zanen da Inna ke goge wa yaron jiki da shi ne, jiya da yamma aka shanya shi a kan bukka. An tauna shi, an tsotse, an tofar. Ta ɗaga shi da bakin tsintsiya, wani wari ya daki hancinta, warin ruɓaɓɓen nama gauraye da ƙarni. Ta kau da kai ta tofar da yawu.

Wannan ce fitarta ta farko da dangin mijinta. Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, sai su loda kwale-kwalensu a kusa da Dutsin-Ma, su bi gulbin Karaduwa daga wannan gurbi zuwa wancan, suna su suna banda, har ruwan ya janye ya bar yashi. Shekarun baya an bar ta a gida, farko saboda ciki, sannan saboda goyo. Bana an yaye Bilya, aka miƙa shi ga kakarsa yadda aka saba, ita kuma aka ce ta ɗauko wuƙarta ta zo ta koyi aikin gidan da ta shigo. Ta koya. Ta iya fasa cikin tarwaɗa da sara ɗaya. Abin da ta kasa koya shi ne daina jin ƙarni. Yana cikin ruwan sha, yana cikin tuwo, yana jikin zanen sallarta. Ga kuma juji a gindin giyayya, hanji da kawuna da ƙaya, an tara shi da gangan, kullum ƙaruwa yake, ƙudaje sun yi masa baƙar rumfa, angulaye suna zaune a sama kamar masu jiran zaman makoki.

Ta zagaya ƙofar bukkar. Inna tana zaune a bakin tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora Bilya a cinya tsirara. Tandun mai yana gefenta a buɗe.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya lau. Kin gama sharar ne, ko kin tsaya karatun ƙasa? Tun ɗazu na ji tsintsiya ta yi shiru."

"Inna, kura ta zo."

"Kul! Ba na hana ki kiran sunanta baki buɗe haka ba? Maƙwabciya ake cewa. To ta zo, sai mi? Ba don ta zo aka ajiye mata rabonta ba?"

"Har bayan ɗakinki ta zo. Ta sa hanci a zana."

"Gaisuwa ta zo yi," in ji Inna, ta tsoma yatsu cikin tandu ta ɗebo man kifi, rawaya mai kauri, ta murza a tafi ta shiga shafe yaron. Ta shafe ƙirji, ta shafe wuya, ta cusa a bayan kunnuwa, ta mulke kan har ya yi ƙyalli. Bilya yana dariya yana lasar hannu. "Ai ga angona ya yi kyau. Kai dai ba ka da aiki sai ci da kashi, ko ƙwarya ba ka taɓa saya mini ba, mijin banza."

Yahanasu ta dubi man yana gangarowa ta haƙarƙarin yaron, ta tuna tsumman da ta bari a ciyawa. Nan take abin ya haɗu a kanta. An yi ta ciyar da dabba da ƙarnin kifi har ta san duk inda ƙarni yake abinci ne. Sannan kullum safe da yamma a ɗauki ɗan mutum a tsoma shi cikin wannan ƙarnin, a kwantar da shi a bayan zana.

Amma Bilya ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya yi kuka sai ta dubi wani wuri har wani ya ɗaga shi. Haka uwarta ta yi wa yayanta, haka kowace mace mai kunya take yi. Ta zaɓi kalmominta kamar mai tsintar tsakuwa a gero.

"Inna, na ce ko yaronki zai huta da man nan kwana biyu."

Hannun Inna ya tsaya. "Yarona? Awo, ashe kin san nawa ne." Ta dube ta sama da ƙasa. "Da man ga na shafe ubansa, da shi aka shafe kakansa. Ɗan masunta in bai sha man kifi ba, sanyin ruwa ya shige ƙashinsa, ya tashi yana tari kamar tsohuwar tunkiya. Ke dai 'yar Tamawa, hancinki ne ya yi miki tsawo. Mu a zamaninmu, ɗan fari ko wuta ya nufa, iyakarki ki ce, ku dubi yaronku. Je ki hura wuta, ga mazan can sun taso."

A bakin ruwa ta sami mijinta, Rabe, yana kwarfe kwale-kwale da sakaina. Ta duba babu kowa kusa, ta ajiye masa tsumman da ta ɗauko a gabansa.

"Mi ke nan?"

"Shinshina ka ji."

Ya kai hanci, ya ja da baya yana yamutsa fuska. Ta gaya masa sawu, ta gaya masa zana, ta gaya masa inda kan yaron yake. Rabe ba mugu ba ne, auta ne kawai, ya saba a yanke masa magana a miƙo masa.

"Bari Baba ya ji," ya ce.

"Kai fa? Kai ka ji?"

"Yahanasu, ni ma ɗan farina ne. So kike in tsaya gaban Inna in yi maganarsa, a yi ta yi da ni har Birchi?"

Baba Ilu, wan mahaifin Rabe, shi ne babban zangon. Ya iso yana jan taru, ruwa na zuba daga bantensa, ya zazzage kamun safe a kan ganye: tarwaɗa, karfasa, da wani ragon ruwa mai tsawon hannu. Rabe ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi maganar, ya kuma faɗe ta kamar labarin wani gari. Tsohon ya saurara yana cire ƙaya daga taru, sannan ya yi dariya.

"Kira mini ita."

Yahanasu ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a ƙasa.

"Ɗiyata, tun Turawa ba su kafa gada ko ɗaya a ƙasar ga ba muke kwana a bakin gulbin nan. Ga shi sun naɗe tutarsu sun tafi bara, mu muna nan. Kin taɓa jin an ce maƙwabciya ta ɗauki ɗan masunci? Mu da ita amana ce. Mu ci tsoka, ta ci hanji. In cikinta ya cika, ba ta da faɗa da kowa. Mai yunwa shi ne abin tsoro."

"Haka ne, Baba." Sai ta ji bakinta ya ci gaba. "Sai dai a gidanmu, ko mahaifar akuya ba a bari ta kwana a fili. Nesa ake kai ta a binne. Babanmu yakan ce wanda aka saba ba shi a ƙofa, wata rana ɗaki zai leƙa."

"Babanku makiyayi ne, shi da ita gaba suke tun kaka da kakanni. Shi ta ci masa akuya, ni mi za ta ci mini? Taru?" Ya sake dariya, Inna ta taya shi daga bakin bukka. "Tashi ki gyara kifin ga kafin rana ta taɓa shi. Kayan cikin kuma a kai mata nata, kada a rage."

Ta gyara. Ta zauna a rana tana fasa ciki tana yaɓe hanji a tsohon kwando, jini da majina suna bin hannunta har gwiwa, ƙudaje suna sauka a leɓenta tana hure su. Ta jera kifin a gadon banda, ta tura ɗanyen itace hayaƙi ya tashi. Da aka yi azahar mazan suka ɗauki gorunansu na iyo suka haura gurbin sama, suka bar kwale-kwale a ɗaure. Inna ta ci ɗumame, ta ce bari ta ɗan miƙe bayanta, ba a jima ba minshari ya fara fitowa daga bukka.

Yahanasu ta ɗauki kwandon hanji ta nufi giyayya, ta toshe hanci da gefen mayafi. Tun kafin ta isa ta gan shi. Bilya ne zaune a gindin jujin, ƙudaje sun rufe masa kai saboda man, sun jeru a gefen idanunsa. Angulu guda tana tsaye kusa da shi, ko gezau, kamar ta san nata ne. A hannunsa akwai wani farin dunƙule kamar alli, ya riga ya kai baki yana gwada shi da haƙoransa na gaba. Ta san wannan farin abu. Kashin kura ne, wanda ƙashi ya mayar fari.

Ba ta san lokacin da ta yar da kwandon ba. Ta fizge abin ta yi jifa da shi, ta sa yatsa ta kwakule bakin yaron, ta kwakule, ta kwakule, yana ihu yana cizonta. Ta ɗaga shi ta rungume, ƙarni da maiƙo suka manne mata a ƙirji. Ta juya ta dubi bukka. Minshari bai tsaya ba.

Ta daɗe a tsaye, tana jin zuciyar yaron tana bugawa a jikin tata. Sannan ta juya shi baya, ta goya shi, ta ɗaure da majanyi tamau. Rabonta da goya shi tun ranar da aka shafa mata maɗaci a nono.

Ta jawo kwale-kwalen kusa da giyayya. Ta ɗauko fartanya da kwanduna biyu. Saran farko da ta kai wa jujin, saman ya buɗe kamar ɓawon gyambo, tsutsotsi farare suka zubo suna motsi, wani tururi mai ɗumi ya taso ya shige mata hanci da baki. Ta juya gefe ta yi amai har sai da idonta ya kawo ruwa. Ta goge baki da bayan hannu, ta koma. Ta cika kwando, ta kai jirgi, ta dawo. Baƙin ruwa yana tsiyaya ta ƙasan kwandon yana bin ƙafafunta, tsutsa tana hawa mata ƙauri tana karkaɗewa. Angulaye suka sauko suna tsalle a bayanta, suna miƙa wuya, kamar masu bin ba'asi. Da jujin ya ƙare ta kankare ƙasar wurin har sai da ta ga busasshen yashi, ta kwaso garwashi da busasshiyar ciyawa ta ƙone gurbin.

Tuƙi ba ta iya ba. Ta gwada sanda sau ɗaya, jirgin ya juya da ita kamar faifai, ta haƙura. Ta sauka cikin ruwan, ta ɗaga goyon sama zuwa kafaɗa, ta kama igiya ta ja. Ruwan ya kai mata ƙugu, a wani wuri ya kai ciki, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarta, ita kuwa ba abin da take faɗi sai bisimilla. Ta gangara da shi nesa, har hayaƙin banda ya ɓace mata, ta haye ɗaya gaɓar. Can ta haƙa rami mai zurfi da fartanya, ta juye ƙazantar, ta rufe, ta tattake, ta jawo duwatsu ta danne. Sannan ta kifar da kwale-kwalen a ruwa mara zurfi, ta dirje cikinsa da yashi da ganye har tafin hannunta ya yi ja.

A hanyar dawowa ta lura da wani tsibirin yashi a tsakiyar gulbi, daura da zango, fari fes, babu ko sawun tsuntsu. Ta tsaya ta dube shi da kyau. Sai ta ɗaure jirgin, ta shiga gaɓa da gatari, ta sassaro rassan farar ƙaya da sarƙaƙiya, ta loda, ta kai tsibirin, ta kewaye wani fili da su yadda ake yi wa garken awaki. Ƙaya ta yayyage mata hannu, ba ta ko duba ba. Ta ƙara da itacen wuta.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso zango. Tun daga nesa ta ga mutum uku tsaye a gindin giyayya, suna kallon baƙin tabon da wuta ta bari.

"Ga ta nan!" in ji Inna. "Ga ta nan da shi a baya! La'ilaha illallahu. Na farka na nemi yaro sama da ƙasa, har na fara kuka, ashe uwar marasa kunya ce ta sace shi."

Baba Ilu bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Rabe ke nan. "Ɗiyata, ina rabon maƙwabciya?"

"Na binne shi, Baba. A ƙetare."

"Kin binne." Ya gyaɗa kai. "To bari in gaya miki abin da kika yi. Yau za ta zo da yunwarta, ta tarar an ɗauke mata akushi. Ina kike jin za ta nufa? Jiya leƙe ta yi. Yau ke kika aiko ta."

Maganar ta shige ta, don ta san akwai gaskiya a ciki. Ta yi tunanin haka tun tana haƙa ramin.

"Na sani, Baba. Yau za ta zo, gobe ma za ta zo. In ta zo ta rasa, ta zo ta rasa, za ta sauya hanya. Amma kafin nan ba za ta tarar da shi yana ƙarni ba."

Ta wuce su ta shiga bukkarta, ta fito da ɗan curin sabulun salo da ta taho da shi daga gida take ta tattali. A gabansu, a bakin ruwa, ta kwance goyon, ta zaunar da Bilya, ta shiga wanke shi. Ta saɓa kan, kumfa ta ƙi tashi saboda maiƙo, ta ɗauraye ta sake. Ta wanke bayan kunnuwa, ta wanke matsematsi, ta wanke tsakanin yatsu. Yaron yana tsala ihu yana miƙa wa kakarsa hannu.

"Rabe, kana tsaye?" in ji Inna. "Kana kallo tana wanke masa gādon gidanku? Ke Yahanasu, ke ko kunyar idona ba ki ji? Ɗan fari! A gabana, a gaban wan kakansa! Wallahi in labarin ga ya kai Tamawa, uwarki ba ta ƙara fita biki."

Yahanasu ba ta ɗago ba. Muryarta ta fito daidai.

"Inna, ki yi mini duk faɗan da za ki yi, na cancanta. Kunya kuwa ina ji, kamar ƙasa ta tsage. Amma in na bar shi aka wayi gari babu shi, wa zan ji wa kunyar?"

Ta kai hanci wuyan yaron ta shinshina, ta sake saɓa shi, ta sake shinshinawa. Sannan ta shiga ruwan ta wanke nata jikin da zanenta, ta naɗe yaron a wankakken mayafi, ta ɗauki tabarma da tukunyar garwashi ta sa a jirgi. Ta kama igiya za ta shiga ruwa.

"Sake igiyar ga," in ji Rabe.

Ta juyo. Bai dubi uwarsa ba, bai dubi Baba Ilu ba. Ya ɗauki sandar tuƙi.

"Shiga ki zauna. Kin ja jirgi kamar jaki, duk gulbi ya gani, ya isa haka."

"Sabulu na nan kan dutse," ta ce a hankali.

Ya dube ta, ya dubi hannuwansa, ya yi tsaki. Amma ya tsuguna ya wanke har kafaɗa, ya wanke kai.

"Ka ga namiji," in ji Baba Ilu. "Gobe sai ta ɗaura maka zane." Ya juya ya fara jan itace yana tarawa kusa da gadon banda, yana gunaguni cewa yau dai shi da barci sai gani, tunda an ɓata masa amanar shekara da shekaru, dole ya kwana gadin kifi kamar kare.

A tsibirin Rabe ya zagaya shingen ƙayar yana taɓawa da ƙafa. "Kin san tana iyo fa."

"Na sani. Shi ya sa na sari ƙaya. Kuma nan babu abin da zai kira ta."

Ya gyara wata kafa da ta bari, ya hura wuta. Suka yi sallar magariba a kan yashi. Bilya ya gaji da kuka ya yi luf a cinyarta, kansa yana ƙamshin sabulu da hayaƙi. Ta sa hanci a gashinsa ta daɗe ba ta ɗago ba. Daga nan ana ganin zangon sarai: wutar Baba Ilu, bukkoki uku, da Inna zaune ita kaɗai a ƙofar tata, ta juya musu baya.

Sauran hasken yamma bai gama ɓacewa ba kukan ya taso daga duhuwar bayan giyayya. Ya fara ƙasa-ƙasa, ya ja sama, ya katse. Aka yi shiru. Ya sake tasowa, wannan karon kusa. Baba Ilu ya ƙara itace a wuta, ya jawo mashinsa. Inna ta miƙe, ta shiga bukka, ta fito, ta sake shiga. Can sai ga ta a bakin ruwa, tabarma a hammata, buta a hannu.

"Rabe! Kai Rabe! Kawo jirgin ga."

"Lafiya, Inna?"

"Ƙasar ɗakin ga ta yi sanyi, bayana ciwo yake. Kuma angona bai iya barci in ba a jikina ba, kowa ya sani."

Rabe ya dubi matarsa, dariya tana neman ƙwace masa. Ita ba ta yi dariya ba. Ya tura jirgin ya ɗauko tsohuwar. Tun kafin ta sauko iska ta riga ta isowa, ƙarnin man da ya shekara yana shiga zanenta da fatar hannunta.

Inna ta taka yashi, ta ajiye buta, ta miƙo hannu biyu. "Miƙo mini mijina."

Yahanasu ta miƙa wa Rabe yaron. Ta je bakin shingen ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, kanta a sunkuye, yadda ta durƙusa ranar da aka kawo ta gidan. Ta ɗaga hannu biyu sama. A tafinta akwai ragowar sabulun, ya sirance kamar ɓawon gyaɗa, a kafaɗarta kuma wankakken zanenta na ƙarshe.

Inna ta dubi sabulun. Ta dubi ɗanta, shi kuwa ya sami abin kallo a sama. A ƙetare kurar ta sake kuka, suka ji Baba Ilu yana buga gora yana zaginta, ya manta da maƙwabtaka, sunanta yake kira tiryan-tiryan.

"Shekara sittin," in ji Inna, "ba a taɓa aike ni wanka ba."

Yahanasu ba ta sauke hannu ba.

Tsohuwar ta fizgi sabulun, ta fizgi zanen, ta nufi bayan tsibirin tana taka yashi da ƙarfi.

"Kai kuma juya bayanka," ta ce wa Rabe. "Ke, zo ki cuɗa mini baya, tunda ke ce mai hanci."